Hazo ne ko mu ne? Waiwaye kan haɗurran hunturu a Kura da kewaye

Duk shekara haka ake yi. Da an shiga Disamba iska ta fara kaɗawa hazo ya sauka, sai ka wayi gari ka ga hoton tirela ta kife a wajen Kura ko Kadawa a hanyar Kano zuwa Zariya, kwandunan tumatur sun tarwatse a kwalta, ko wata homa ta yi taho-mu-gama da J5, kafin azahar an cika Facebook da Innalillahi, daga nan kuma musu ya ɓarke. Wannan ya ce hazo ne direba ba ya gani, wancan ya ce ƙarya ne ƙwaya suke sha, wani ya ce a zo a yi kunya a titin, wato tudun rage gudu, wani ya ce ai kunyar ce ma take kayar da manyan motoci cikin dare, ga kuma masu cewa dama kwanar nan tana da mutanen ɓoye, duk shekara sai ta sha jini. Sati biyu an manta, sai wani ya sake faruwa a dawo daga farko. Ni abin da yake ɗan ba ni haushi a musun nan shi ne yadda ake magana kamar jiya da daddare matsalar ta faɗo daga sama, alhali wallahi ta girmi yawancin masu sharhin.

Wanda kowa ya sani ba sai na ja shi ba. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, shekara da shekaru gyaɗa da auduga da fatu da shanu dogo suke bi. A watan Afrilun 1972 Najeriya ta bar tuƙin hagu ta koma na dama, tsofaffi har yanzu suna ba da labarin ruɗanin ranar. Aka zo aka yi kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin ma'aikatan gwamnati, a tsakiyar shekarun 1970, ma'aikata suka sayi motoci da babura. Jirgin ƙasa ya yi ta ja da baya har kusan duk wani kaya mai nauyi ya dawo kan titi. A 1988 aka kafa hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, 'yan Rod Sefti, Wole Soyinka ne shugabanta na farko. Sai motocin gwanjo 'yan Kwatano suka cika ƙasa, sai babura masu araha 'yan China a farkon shekarun 2000, aka tilasta ɗaura bel a 2003, aka zo da na'urar ƙayyade gudu a motocin haya a 2017. Da duk wannan, alƙaluman hukumar sun nuna mutum 5,081 ne suka rasu a titunan ƙasar nan a 2023, a 2024 kuma 5,421, ga shi yawan haɗurran da aka rubuta ya ragu a 2024 ɗin amma mamatan sun ƙaru. Wannan tarihin na Najeriya ne gaba ɗaya, kowane gari a bakin babban titi zai iya cewa nasa ne.

Namu na nan yankin daban yake, kuma ban cika jin ana ambatarsa ba in ana wannan musun. Sunansa ruwan Tiga.

Ka tambayi duk wani dattijo a Kura me ake yi da hunturu kafin ruwan nan ya zo. Zai ce maka da an gama kaka an kai dawa da gero rumbu shi kenan gona ta huta sai kuma damina. Garin rini ne, da marina da masu bugu, rawanin nan ɗan Kura mai sheƙi da Buzaye suke ji da shi daga nan yake fita, to masu sana'a suna cikin gari suna sana'arsu, matasa kuma su ɗau sanda da ƙunshi su tafi ci-rani. Wato lokacin da hazo ya fi kauri shi ne lokacin da titi ya fi zama wayam. Wani baffana da ya yi yaron mota a wancan zamanin yakan ce min da asubar sanyi sai ka taso daga Tamburawa har ka wuce Chiromawa abin da za ka gamu da shi bai wuce jakuna da masu itace ba, in ka ga mota ma ka san mai ita. Hazon yana nan kamar yadda yake yau, ƙura ce da iska take kwasowa daga can Bodele a ƙasar Chadi tun kafin a san me ake kira kwalta, sai dai ba wanda yake tsaye a cikinsa a tsakiyar hanya.

A zamanin gwamnan Kano Audu Bako aka gina madatsar Tiga, aka gama a 1974, daidai lokacin da ƙasar nan take fita daga farin da ya kashe dabbobi ya kori mutane daga ƙauyukansu. Aka janyo ruwa ta kanal ya ratsa ƙasar Bunkure da Garun Malam da Kura, kashin farko na aikin kadada 22,000 aka tsara masa. Kar wani ya fahimce ni a baibai, alheri ne babba, da ruwan nan aka yi gidajen bulo, aka je Makka, aka biya kuɗin makarantar yara, ni kaina na ci moriyarsa. Amma ka lura da abin da ya yi wa shekara: ya juya ta. Watannin da a da ake hutu su suka koma watannin da aka fi aiki. Tumatur sanyi yake so, alkama sanyi take so, albasa da attaruhu haka, ga shinkafar da aka yanka a kaka da masu gumi da masu inji suke fama da ita har tsakiyar rani. Masu tafiya ci-rani suka daina tafiya, maimakon haka ma sai wasu suka fara zuwa ci-rani nan, 'yan ƙwadago da 'yan dako da dillalai da masu abinci. Daga Disamba zuwa Maris yankin ya koma wuri mafi cinkoso a duk tsawon hanyar Kano zuwa Zariya, kuma daidai watannin hazo kenan, ba ragi ba ƙari.

To kaya in an noma sai an sayar, mai saye kuma ba zai shiga lungu da babbar mota ba, a bakin titi zai tsaya. Haka kasuwa ta fito bakin titi, tasha ta biyo ta, mai shayi ya biyo tasha, mai faci da mai walda da mai sayar da fetur a galan suka biyo, sannan gidaje da masallaci da makarantar allo. Ƙarfi ta yi suna da masara, Kura da shinkafa, Kwanar Gafan da tumatur. Garuruwan da a da bayansu suka ba hanya sai suka juyo suka fuskance ta, har ta zama ita ce tsakar gidansu. Ba wani mutum ɗaya ne ya zauna ya shirya haka ba, rumfa ɗaya ce ta zama biyu ta zama ɗari a cikin shekara arba'in da wani abu.

Tumatur kuma ba dawa ba ne da za ka jibge a rumbu ka jira farashi. Daga lokacin da aka tsinke shi agogo ya fara bugawa, Legas kusan kilomita dubu ce daga nan, kuma kwandon da ya isa kasuwar Mile 12 ya fara zubar da ruwa an yi asara, don haka ana gama lodi da yamma ko da dare direba zai ɗau hanya, mai kaya yana kiransa a waya yana tambayar ina kuka kai, in ya sauke kuma ya juyo da sauri don ya samu wani lodin kafin kaka ta wuce, saboda wata uku ne zuwa huɗu kacal da zai tara abin da zai ci shekara. Ana cewa direbobi ba su da haƙuri, gaskiya ne akwai marasa haƙuri, akwai ma masu shaye-shayen, amma ko waliyyi ka ɗora a kan wannan jadawalin sai barci ya sace shi a wani wuri. Kuma motar da ta taso daga kudu jiya, da asuba take isowa wajenmu, direban ya kwana biyu bai yi barcin kirki ba.

Bari in gaya maka yadda wajen yake da misalin ƙarfe bakwai na safiyar Janairu, don na sha tsayawa a wurin ina jiran mota. Gari fari fat, rana kamar faranti ba ta da zafi ko kaɗan, hayaƙin wutar da 'yan dako suka hura suna jin ɗumi ya haɗu da na ciyawar da aka ƙona a gefen gona ya kwanta a kan kwalta. Tirela biyu sun yi fakin rabin jikinsu a kan titi, ɗaya an jera ganye a bayanta wai alama ce. Wani ya taho a babur ya naɗe kai da kunne da rawani saboda sanyi, ya ɗaure kwando uku a baya, fitilar bayan ta mutu tun bara, ba ya jin hon ba ya iya waiwaye. Almajirai huɗu da robobinsu sun tsaya a shingen tsakiya suna rawar ɗari suna jiran su ruga. Can gefe mata sun fara baza shinkafar da aka guma jiya, in kuma tumatur ya yi kwantai ka ga an yanka shi an shanya kauɗa jawur a gefen hanya, wato inda mai ƙafa da mai keke ya kamata su bi shanya ta cinye, dole su hau kwalta. A cikin wannan yanayin ne Sharon za ta ɓullo daga cikin hazo a kan ɗari da wani abu, gilas a rufe ya yi ƙura, fasinja bakwai ko takwas duk suna gyangyaɗi.

Lissafin ba shi da wuya. Motar da take kan kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya, kafin ƙwaƙwalwar direba ta ce masa wancan mutum ne ƙafarsa ta kai birki ya riga ya cinye mita talatin zuwa arba'in, sannan birkin ya fara aikinsa, in tirela ce da lodi kuwa sai abin da Allah ya yi. Ga wani abu da da yawa ba su sani ba, in ka kunna babbar fitila a cikin hazo ƙurar ce take dawo maka da hasken a ido, sai ka ƙara makancewa kai da mai tahowa. Dokar hanya ta ce cikin gari kada a wuce 50, babban titi kuma 100 ga ƙaramar mota. To wajen nan wanne ne a ciki? Direba yana ganin babban titi ne tunda daga Kano ya miƙe, mai kwando a ka yana ganin cikin gari ne tunda gidansa ga shi nan kasuwa ga ta can, kuma kowannensu yana da gaskiya.

Da aka raba titin gida biyu tun wajajen ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon 1990, da kuma sabuntawar da aka fara a 2018, an samu sauƙin ramuka da taho-mu-gamar masu shan gaba, wannan ba a musu. Sai dai titi in ya yi santsi ƙafa takan yi nauyi a kan totur. Sannan manomin da gonarsa take tsallake, in zai bi ƙa'ida sai ya yi tafiya mai nisa kafin ya samu mahaɗar juyawa, ga fetur ya yi tsada, sai kawai ya yanki wan-we ya ce ai nan da nan ne. Da rana tsaka a watan Yuni mai tahowa zai hango shi daga nesa ya kauce, da asubar hunturu sai dai ya ji ƙara.

Masu ɗora komai a kan hazo su tuna motar 'yan wasan Kano da ta faɗa gada wajen Dakatsalle ranar 31 ga Mayun 2025, suna dawowa daga gasar wasanni ta ƙasa a jihar Ogun, aka rasa mutum sama da 20, saura ƙiris su iso gida, Allah ya ji ƙansu. Ranar babu hazo ko ɗigo. Su kuma masu cewa hazo ba komai ba ne su zo su tsaya a Kwanar Gafan ranar da aka ce jirage sun kasa sauka a filin Malam Aminu Kano, su gani ko za su iya bambance mutum da buhu daga nesa.

Maganar kunya kuwa, na fahimci zuciyar matasan da suke fitowa da siminti da shebur washegarin da aka binne ɗan unguwarsu, ni ma da ƙanena ne ban san me zan yi ba. Amma kunyar da aka yi cikin fushi, ba fenti ba alama ba fitila, a kan hanyar da tanka take bi cikin dare, ta sha zama sanadin wani makokin, direban da ya san da ita zai taka birki, na bayansa baƙo ne bai sani ba sai ya hau shi. Kuma duk inda aka yi kunya kafin wata guda masu talla sun kewaye ta da rake da ruwan leda da masara, tunda nan ne mota take rage gudu, ka ga an sake buɗe wata ƙaramar kasuwar a tsakiyar titi, yara ƙanana suna bin gilas da gudu suna miƙa canji.

Bana ma dai an yi dashe, kanal ya cika, kwandunan da babu komai sun fara isowa an jibge su a bakin hanya sun fi ɗaki tsawo. Jiya da na wuce na ga an ƙara wasu rumfunan guda biyar ko shida daga inda na bara suka tsaya, har ɗaya ta sa firji, mai ita yana ɗaura waya daga turken tsallaken titi.