Gidan Tarihi na Kanta, Argungu

Gidan Tarihi na Kanta, wanda wasu ke kira Kanta Miziyam, tsohuwar fadar Sarkin Kabi ce da ke cikin garin Argungu a jihar Kebbi, dab da babbar kasuwar garin. Tarihin gidan ya nuna an gina shi a 1831, sarakuna suka ci gaba da zama a ciki har 1942 lokacin da Turawan mulkin mallaka suka gina sabuwar fada aka tashi aka koma can, sai tsohon gidan ya zauna haka nan har ranar 1 ga Yuli 1958 da aka buɗe shi a matsayin gidan ajiye kayan tarihi, wato tun kafin Najeriya ma ta samu 'yanci.

Sunan kuwa na Muhammadu Kanta ne, jarumin da ya kafa daular Kabi wajajen 1515 bayan ya ɓalle daga hannun Askiya na Songhai, shi ne ya gina Surame ya mai da ita babban birninsa, kufanta na nan har yau a ƙaramar hukumar Binji ta jihar Sakkwato. Kanta dai bai taɓa kwana a wannan gida ba, tsakaninsa da ginin ya fi shekara ɗari biyu, amma duk Bakabe in zai yi kirari daga kansa yake farowa, don haka ba wanda ya yi gardamar sunan.

An kasa gidan kashi 11. Abin da ya fi yawa kayan yaƙi ne, su masu da takubba da baka da kibiya da bindigogin gargajiya, ga layu da guraye da tambura, kuma duk wanda ya san labarin Kabawa ba zai yi mamaki ba, domin bayan da masu jihadi suka ci Birnin Kebbi a 1805 Kabawa suka tattaro suka yi sansani a Argungu, har ana cewa sunan garin daga "a yi gungu" ya fito, Yakubu Nabame ya sake ɗaga tuta a 1849, daga nan kuwa aka yi ta fafatawa da Sakkwato da Gwandu har zuwan Turawa ba a ci garin ba. Waɗannan makaman su ne shaidar wancan zamani, yaro ɗan makaranta in malaminsu ya kawo su ya tsaya gaban takobi aka ce masa ga abin da kakanninka suka riƙe, abin ya fi zama a kai fiye da karatun aji.

Sai kuma hubbaren sarakuna da ke cikin harabar, nan ake binne sarakunan Argungu. Wannan ne ya bambanta shi da miziyam irin na gwamnati da ake zuba kaya a gilashi a liƙa takarda, a nan mutum cikin gidan masu abin yake tafiya, ta ƙofar da fadawa suka bi, kuma mutanen gari na shiga da ladabi kamar yadda ake shiga gidan manya.

Lokacin da gidan ya fi cika shi ne na bikin kamun kifi. Bikin ya samo asali ne a 1934 da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu, aka shirya masa kamun kifi a gulbi don nuna gaba ta ƙare, yanzu kuwa dubban masunta ne ke rugawa gulbin Matan Fada da gora da homa kowa na neman giwan ruwa mafi nauyi, UNESCO ma ta sa bikin cikin jerin al'adun duniya a 2016. Baƙi da 'yan jarida da suka zo kallo sukan biya ta gidan Kanta, a can ne suke jin dalilin da ya sa zuwan Sarkin Musulmi garin ya zama abin da za a yi wa biki. Da aka yi kusan shekara goma ba a yi bikin ba saboda matsalar tsaro kafin a dawo da shi a 2020, baƙin nesa sun ja baya ƙwarai, sai 'yan makaranta da masu bincike suka rage suna zuwa.