Dokar ginin ƙasa ta Peru: bango ya tsage, amma kada ya faɗo

A ƙasashe da yawa masu fama da girgizar ƙasa, dokar gini ba ta ma san da gidan ƙasa ba. Ta yi maganar siminti da rodi da kankare, ta bar talakan ƙauye ya kwaɓa tubalinsa yadda ya gada. Peru ta bi wata hanya dabam. Tana da doka guda da ta keɓe wa ginin ƙasa, mai lamba E.080, kuma ma'aikatar gidaje ta ƙasar ta sabunta ta a 2017. Ta shafi ginin tubali da kuma bangon da ake daɓe ƙasa mai ɗan danshi a cikin akwatin katako.

Dalilin bai ɓuya ba. Gabar tekun Peru hamada ce, tsaunukanta kuma katako ya yi ƙaranci, don haka ƙasa ce kayan ginin da kowa ke iya samu. Ƙidayar 2017 ta nuna gidaje fiye da miliyan biyu bangonsu na ƙasa ne, wato sama da kashi ɗaya cikin huɗu na gidajen ƙasar. Ga shi kuma ƙasar na zaune inda faifan Nazka, ɗaya daga cikin manyan faya-fayen dutse da suka haɗu suka yi ɓawon duniya, ke kutsawa ƙarƙashin na Kudancin Amurka, abin da ke jawo girgizar ƙasa. Girgizar Ankash ta 31 ga Mayu 1970 ta hallaka mutum kusan 70,000, wasu a zaftarewar dutse da ƙanƙara, da yawa kuma a ƙarƙashin bangon ɗakunansu. Bayanta ne injiniyoyin Jami'ar Katolika ta Peru da ke Lima, irin su Julio Vargas Neumann da Marcial Blondet, suka shafe shekaru suna gina ɗakunan tubali a kan wani babban teburi mai jijjiga, suna kallon yadda suke rushewa. Yawancin abin da ke cikin dokar daga nan ya fito.

Abin da ya fi burge ni shi ne dokar ba ta yi alƙawarin da ba za ta iya cikawa ba. Ta amince cewa ko a ƙaramar girgiza bangon ƙasa zai iya tsagewa. A matsakaiciya tsagar za ta ƙaru, amma a iya gyarawa. A babba kuwa gidan na iya lalacewa sosai, sai dai ba a yarda ya rufto kan mutane ba. Duk sauran sharuɗɗan wannan manufa suke yi wa aiki.

Tubali yana da nauyi, yana jure danni, amma ba ya jure ja. Idan ƙasa ta motsa gefe da gefe, wurin da ke fara darewa shi ne kusurwa, inda bango biyu suka haɗu. Da sun rabu, kowane bango ya zama shi kaɗai, sai ya kife waje, rufi ya biyo shi. Shi ya sa dokar ta fi zafi a kan siffar gini. A yankunan da girgiza ta fi tsanani, na 3 da na 4 a taswirar ƙasar, hawa ɗaya kawai aka yarda. Bene mai hawa biyu sai a yankuna na 1 da na 2. Kaurin bango kada ya gaza santimita 40. Tsayinsa a ƙa'ida kada ya wuce ninki shida na kaurin, tsawonsa kuma daga madogara zuwa madogara kada ya wuce ninki goma. A lissafa: bango mai santimita 40 zai tashi mita 2.4, kuma kowace mita huɗu sai ya haɗu da wani bango ko ginshiƙin tallafi. Ƙofa da taga su zama ƙanana, a tsakiyar bango, nesa da kusurwa. Mai son falo mai faɗi da manyan tagogi ba zai ji daɗin wannan ba, amma ɗaki ƙarami mai kaurin bango ya fi riƙe sanyi da rana da ɗumi da dare, don haka ba duka asara ba ce.

Wurin gini ma da sharaɗi: ban da ƙasa mai rairayi sako-sako, ban da mai taushi ko yumɓun da ke kumbura in ya sha ruwa, ban da hanyar ambaliya ko ƙarƙashin gangaren da ke zaftarewa. Harsashi ya nutse aƙalla santimita 60, sannan a ɗora dakalin dutse ko kankare da ya ɗaga santimita 30 sama da ƙasa kafin a sa tubalin farko. Ko a busasshen yanki danshi ne ke cin gindin bango a ɓoye, kuma bangon da gindinsa ya ruɓe ba ya buƙatar babbar girgiza.

Sai zuciyar dokar, wato ɗauri. A saman bangon duka za a kewaya da ɗamarar katako da ta haɗe su wuri ɗaya, a kafe rufi marar nauyi a jikinta. Bangon kansa kuma sai an ƙarfafa shi a tsaye da kwance; ƙarfafawa ta fuska ɗaya ba ta wadatar ba. Ana iya dasa kara mai ƙwari irin na kyauro a cikin bangon tun ana gini. Ana iya lulluɓe shi ciki da waje da ragar roba irin wadda ake shimfiɗawa a aikin hanya, a ɗinke fuskokin biyu da zaren da ya ratsa bangon, a yaɓe da ƙasa. Ko kuma a saƙa masa raga da igiyar nailan, a ɗaɗɗaure da hannu, layukan kwance suna ƙara matsuwa yayin da ake hawa sama, don saman bango ya fi kaɗawa. Kamar kayan da aka ɗaure da igiya a bayan mota ne: za su yi ta girgiza, wani ma ya fashe, amma ba za su zube a hanya ba. An zaɓi abubuwa masu lanƙwasa ne da gangan, domin abu mai tauri ƙwarai ba ya motsi tare da ƙasa, sai ya riƙa dukan bangon da aka sa shi ya kare.

Wani sashen da ya nuna an tuna da mutumin karkara shi ne gwajin ƙasa, wanda ba ya buƙatar ɗakin bincike. A mulmula ƙwallaye huɗu ƙanana, a bar su su bushe awa 48 a inuwa, sannan a matsa kowanne tsakanin babban yatsa da manuni. In ɗaya ya fashe a sake gwajin. In ya sake fashewa, yumɓun ƙasar bai isa ba, a nemi wani ramin. Yumɓu kuwa in ya yi yawa tubali tsagewa yake yi wajen bushewa, sai a rage masa ƙarfi da busasshiyar ciyawa ko yashi mai manyan ƙwayoyi. Don gane yawan yashin, a manna tubali bibbiyu da kwaɓi iri-iri, a ɓamɓare bayan kwana biyu, a ɗauki kwaɓin da bai tsage ba kuma ya fi ƙarancin yashi. Kwaɓaɓɓiyar ƙasa ma sai ta kwana biyu tana tsima kafin a buga tubali.

Inda gizo ke saƙar shi ne aiwatarwa. Doka tana cin wanda ya je neman izinin gini ne, mutumin ƙauye kuwa da danginsa yake tada ɗaki, ba injiniya ba takarda. Girgizar Pisko ta 15 ga Agusta 2007 ta kashe mutum sama da 500, ta rusa dubban gidajen tubali marasa ɗauri, alhali tsohuwar dokar na nan a rubuce. Bayan haka ƙungiyoyin agaji sun sake gina gidaje da ragar roba, amma ragar sai an sayo daga birni, kuma da aikin tallafi ya ƙare mutane da yawa sukan koma ginin da suka saba. Wannan ne ya sa masu bincike suka karkata ga igiya, wadda ake samu a kusan kowace kasuwar ƙauye, kuma ana iya naɗe tsohon gida da ita ba sai an rushe shi ba: a huda bango, a zura, a ɗaure, a yaɓe. Dokar 2017 ta shigar da ita cikin hanyoyin da aka amince da su, kuma ta ambaci gyara da ƙarfafa tsofaffin gine-gine cikin aikinta, ba sabon gini kaɗai ba.