Tambayar da muke jin nauyin yi

Sau uku a wata guda wani dattijo ya zo wurinmu a auna masa jini. Kowane zuwa awon lafiya lau yake nunawa, amma kukansa bai canza ba: kai na sara, barci ya ƙaurace wa ido, jiki ba ƙwari. A zuwa na uku, ina cikin naɗe abin awon, sai na ji ya ce ƙasa-ƙasa, kamar da kansa yake magana, "Ni dai da zan kwanta in ƙi tashi, da kowa ya huta." Da a farkon shigata aiki ne, na san abin da zan yi. Zan ce, "Haba Baba, daina faɗin haka," in ba shi maganin ciwon kai, in kira na gaba. Ranar sai na jawo kujera kusa da shi, na ce, "Baba, ka gafarce ni da tambayar da zan yi. Tunanin kashe kanka yana zo maka ne?" Ya jima yana kallon ƙasa kafin ya ce, "'Yata, wata biyu ke nan, ban san wa zan gaya wa ba."

Mafi yawanmu muna tsoron wannan tambaya. Gani muke idan muka furta kalmar, mun saka wa mutum abin da babu shi a ransa. Masana sun daɗe suna bincike a kan wannan, kuma abin da suka gano shi ne tambaya ba ta haifar da tunanin. Wanda ba ya cikin halin zai ce maka a'a, wataƙila har ya yi mamaki, shi ke nan. Wanda kuwa yake ciki, sau da yawa sauƙi yake ji, don ya samu wanda bai tsorata da abin da ke cin sa ba. Sai dai a yi ta a fili. "Ba dai wani mugun abu kake saƙawa ba ko?" ba tambaya ba ce, rufe baki ce, don amsa ɗaya kawai ta bari.

Abin kuma ba ƙarami ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum 720,000 ne ke kashe kansu duk shekara, kuma kashi 73 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin arziki suke. Tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 29, shi ne na uku cikin abubuwan da suka fi kisa a ƙididdigar 2021. Maza sun ninka mata fiye da sau biyu a yawan mutuwar, su da aka fi tarbiyyantar da su a kan haɗiye damuwa. Kuma a bayan kowace mutuwa akwai wasu da dama da suka yi yunƙuri suka rayu, waɗanda su ne suka fi kowa shiga haɗarin sake gwadawa.

Ba kasafai mutum yake tafiya ba tare da ya bar alama ba. Mu ne ba mu iya karanta ta ba, ko muka karanta muka kau da kai. Ka ji yana yawan cewa ya gaji da duniya, ko ya zame wa mutane kaya, ko "kun kusa hutawa da ni". Mai surutu ya koma shiru, ya daina fita, ya daina kula da tsaftarsa. Ya fara rabar da abubuwan da yake ji da su, yana bin mutane yana neman yafiya ba ciwo ba tafiya. Shan ƙwaya ko giya ya ƙaru. Akwai wadda ta fi ruɗar iyali: wanda ya yi watanni cikin ƙunci, kwatsam a wayi gari ya natsu, fuska a sake. Sai a yi ta murna ya warware. Wani lokacin haka ne. Wani lokacin kuwa shawara ya yanke, shi ya sa ransa ya kwanta.

Mene ne ke kai mutum nan? Ciwon damuwa yana sahun gaba, kuma a ƙididdigar 2019 kimanin mutum miliyan 280 ne ke fama da shi a duniya. Ba ɓacin ran kwana biyu ba ne. Ƙunci ne da ke zama mako biyu ko fiye, kusan kullum, ya ɗauke wa mutum jin daɗin komai, ya taɓa barci da cin abinci da tunani. Sama da mace ɗaya cikin goma tana gamuwa da shi lokacin goyon ciki ko bayan haihuwa, daidai lokacin da kowa ke sa ran ganin ta cikin farin ciki. Ciwo ne, kuma yana da magani: zama da ƙwararre a tattauna, ko ƙwayoyin da likita zai rubuta, ko duka biyun. Ƙwayoyin sukan ɗauki makonni kafin a ga aikinsu, don haka kada a yanke ƙauna a kwana biyar, kada kuma a daina sha rana ɗaya ba da sanin likita ba. Amma ba kowa ne ke da ciwon ba. Wani bashi ne ya shaƙe shi, wata aurenta ne ya mutu, wani abin kunya ne ya fallasa, wani jinya ce ta ƙi ci ta ƙi cinyewa.

Abin da na fi so kowa ya riƙe shi ne, wannan matsanancin hali ba ya daɗewa. Yakan taso kamar guguwa, ya yi mintoci ko sa'o'i, ya lafa. Idan a wannan ɗan tsakanin babu abin hallaka a kusa, akasari mutum yana tsira. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na masu kashe kansu a duniya da maganin ƙwarin gona ne. Ƙasar Siri Lanka ta haramta mafiya haɗari daga cikin waɗannan magunguna, kuma an ƙiyasta cewa tsakanin 1995 da 2015 matakin ya ceci rayuka 93,000, ba tare da noma ya durƙushe ba. Matsalolin mutanen ba su gushe ba, hannunsu ne kawai bai kai ga gubar ba a sa'ar da guguwar ta taso. Abin da ƙasa ta yi, gida ma zai iya: maganin feshi, tarin ƙwayoyi, makami, duk a kulle, mukulli a hannun wani.

To idan ka tambaya ya ce e fa? Kada ka zabura, kada ka hau shi da wa'azi ko gori. "Me ka rasa?" da "wasu sun fi ka shiga uku" ba sa ƙara masa komai sai jin cewa ya yi kuskuren buɗe baki. Bar shi ya yi magana, ko da rabinta kuka ne. Tambaye shi ko ya tsara yadda zai yi da lokacin da zai yi. In ya tsara, lamarin gaggawa ne: kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar. Kada kuma ka yi masa alkawarin rufa asiri, gara ka ce, "Ba zan yaɗa ba, amma sai mun samu wanda zai taimaka mana. Wa ka fi yarda da shi?" Idan har ya riga ya sha wani abu, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa komai, a garzaya da shi asibiti tare da kwalbar ko kwalin don a san abin da za a yi.

Inda muke yawan sakaci shi ne bayan an sallamo shi. Kowa ya koma harkarsa, alhali makonnin farkon nan suna cikin mafiya haɗari. Leƙawa, kiran waya, rakiya zuwa ganin likita, duk aiki suke yi. Haka iyalan da suka yi rashi ta wannan hanya: ga zafin mutuwa, ga zargin kai, ga bakin mutane, kuma su ma haɗarin yana ƙaruwa a kansu. Masu ɗora hoton mamaci a Facebook da WhatsApp, har da bayanin yadda ya yi, su sani wani mai rauni yana karantawa, kuma irin wannan yaɗawa tana jawo kwaikwayo. Tun 2003 ake ware 10 ga Satumba don wayar da kai kan wannan batu, amma mai kwana ido biyu ba ya jiran Satumba.

Dattijon nan babban ɗansa ya zaɓa. Muka kira shi, ya zo a rikice, yana ta maimaita, "Baba, me ya sa ba ka faɗa mini ba?" Na ja shi gefe na ce ya ajiye wannan tambayar tukuna, ya je gida ya kwashe abin da ya kamata a kwashe. Da yamma ya raka mahaifinsa wurin likita. Har yanzu yakan zo awon jini, ni kuma kafin in ɗaura masa abin awon nakan fara tambayarsa yadda ya kwana, in tsaya in ji amsar.