Fatsar ƙwaron gashi

Fatsar ƙwaron gashi hanya ce ta kamun kifi inda ake naɗa gashin tsuntsu ko na dabba da zare a jikin ƙugiya har ta yi kama da ƙwaro, maimakon a sa koto irin tana ko gara. Ƙwaron ba nauyi gare shi ba, don haka igiyar ake yi wa kauri, ita ke kai shi inda ake so.

Tarihi

Tsohon bayanin wannan fatsa da aka fi dogaro da shi na Aelian ne, marubucin Rum, wajen shekara ta 200 miladiyya. Ya ce masuntan Makidoniya na naɗa jan ulu a ƙugiya, su ƙara gashin zakara biyu. A 1496 aka buga wani rubutu a Ingila mai bayanin ƙwari 12. Ana danganta shi ga wata mata, Juliana Berners, amma akwai saɓani. Da gashin wutsiyar doki ake tufka igiya a da, sai siliki, sai roba wajen shekarun 1950. A Japan, mazauna tsaunuka na da nasu salon, tenkara: sanda da igiya kawai.

A ƙarshen ƙarni na 19 Frederic Halford, wani masunci a Ingila, ya tsaya kan ƙwaron da ke yawo a saman ruwa. Wani masuncin, G. E. M. Skues, ya goyi bayan mai nutsewa, aka daɗe ana jayayya.

Ruwa mai gudu

Kifi ba ya zama tsakiyar igiyar ruwa. Yana fakewa bayan dutse, ko inda ruwa mai ƙarfi ya haɗu da mai sanyin gudu, yana jiran abin da ruwa zai kawo. Masunci kan jefa sama da wurin, ya bar ƙwaron ya gangaro daidai da gudun ruwa. Da igiyar fatsa ta ja shi, kifi ya ƙi.

Kayan aiki

Sanda mai tsawon kusan mita 2.7, abin naɗe igiya, siririn zare a gaba, da takalmin da ba ya santsi.

A Sakkwato

Ba a san salon sosai ba. Gulbin Rima da na Sakkwato kan yi laka da damina su ja baya da rani, kuma Sarkawa sun fi amfani da taru, homa da mamari. A kogin Faro na Kamaru kuwa ana kama tsage da giwan ruwa da fatsar ƙwaron gashi.