Dokar kare bayanai ba ta ce a ƙona fayilolin tsofaffin ɗalibai ba

Wata magana tana yawo a tsakanin masu makarantun kuɗi a Kaduna, wai duk makarantar da aka samu tana riƙe da fayil ɗin ɗalibin da ya gama za a ci tararta naira miliyan goma, don haka gara a ƙona komai a huta. Wannan karatu ne na kuskure, kuma wanda ya bi shi zai jawo wa yaran mutane asarar da ba ta gyaruwa.

Dokar da ake nufi ita ce Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023, wadda Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuni na shekarar, kuma ita ta kafa hukumar kare bayanai ta ƙasa, wato NDPC. Ta shafi kowace makaranta, ta gwamnati da ta kuɗi, daga islamiyya a Rigasa har Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ko a kwamfuta bayanan suke ko a takarda.

Inda aka samu ruɗanin shi ne sashe na 24. Abin da ya ce kada a riƙe bayanin mutum fiye da lokacin da buƙatar da ta sa aka karɓe shi take nan. Bai ambaci shekara biyar ko goma ba. Ma'aunin shi ne buƙata, kuma takardun makaranta ba buƙatarsu ɗaya ba. Rajistar ɗaukar ɗalibai da takardar tattara sakamakon kowane zango buƙatarsu ba ta ƙarewa, domin bayan shekara ashirin tsohon ɗalibi zai iya dawowa neman shaidar karatu saboda aiki, ko ƙarin karatu a waje, ko tantancewar takara. In an ƙona, da me za a ba shi? Amma kwafin katin shaidar mahaifinsa, da lambar wayar maƙwabcin da ake kira in ya yi rashin lafiya, da takardar asibitin da ya kawo yana aji biyu, waɗannan aikinsu ya ƙare. Su ne ya kamata a ware wa wa'adi a rubuce, a lalata su in ya cika. Lalatawa kuwa tana nufin ƙonawa ko yayyagawa a gaban ma'aikaci mai alhaki, a rubuta rana da abin da aka lalata. Sayar da su ga masu ƙosai da tsire su riƙa naɗi, wannan shi ne ainihin karya dokar, kuma kowa ya san ana yi.

Haka batun iyaye. Gaskiya ne sashe na 31 ya buƙaci izinin iyaye ko waliyyi kan bayanan yaro, amma ya ware abin da ake yi don karatunsa a ƙarƙashin wanda ke da nauyin riƙe sirri. Uba ba zai ce a goge sakamakon ɗansa don sun ɓata da makaranta ba. Hoton yaron da aka sa a allon talla kuwa, wannan sai da izini.

Sai tarar da ta tayar da hankali. Sashe na 48 ya kasa masu riƙe bayanai gida biyu. Waɗanda ake ɗauka masu muhimmanci, iyakar tararsu naira miliyan goma ko kashi biyu cikin ɗari na kuɗin da suka samu a shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa. Sauran kuma miliyan biyu ko kashi biyu ɗin. Hukumar ta sa makarantun firamare da sakandare da manyan makarantu cikin rukunin farko. To amma wannan adadi iyaka ce, ba farashin da aka yanke wa kowa ba. Kafin a kai can sai an yi bincike, an duba girman laifin, da yawan waɗanda ya shafa, da ko ganganci ne ko sakaci, da irin haɗin kan da makarantar ta bayar. Wanda bai gamsu ba yana da kwana 30 ya garzaya kotu. Ɗaurin da bai wuce shekara ɗaya ba da ake ta ambata kuwa, na wanda ya ƙi bin umarnin hukumar ne.

Duk da haka a ganina akwai rashin daidaito a nan. Da yake wanda ya fi yawa ake ɗauka, makarantar Tudun Wada da ba ta tara miliyan goma a shekara tana fuskantar iyakar da za ta rufe ta, alhali babbar jami'a ba za ta ji nauyin kashi biyu haka ba. Ya kamata a duba wannan.

Abin da ke kai makaranta ga matsala shi ne sakacin yau da kullum: tura sakamakon aji gaba ɗaya a zauren WhatsApp na iyaye, manna sunayen waɗanda ba su biya kuɗi ba a bakin ƙofa, barin lambobin NIN na 'yan ajin ƙarshe a wayar malamin da ya yi musu rajistar JAMB har bayan ya bar aiki. Bayanin lafiya da addini da ƙabila da zanen yatsa doka ta ba su kariya ta musamman, a raba su da babban fayil.

Takarda ta shiga kabad na ƙarfe mai makulli, a ɗaga shi daga ƙasa kuma a janye shi daga bango, saboda gara da danshin damina sun fi ɓarawo cin fayil. Makulli ya tsaya a hannun mutum biyu, da littafin da duk mai ɗaukar fayil zai sa hannu. Sakamako a ɗauki hotonsa a ajiye kwafi uku, ɗaya a wajen harabar makaranta, don gobarar hunturu ba ta barin kwamfutar da ke ɗaki ɗaya da kabad. Kowane ma'aikaci da kalmar sirrinsa, a soke ta ranar da ya tafi.

In kuwa kwamfuta ta ɓace ko an fasa ofis, kuma akwai yiwuwar cutuwar ɗalibai, sashe na 40 ya ba da awa 72 daga lokacin da aka gano a sanar da hukumar. In haɗarin babba ne, iyaye da ɗaliban ma a gaya musu nan take.