Ɗan allon kukis kaɗai ba ya wanke mai shafi

Jama'a an daɗe ana zaton wai da zarar mai shafin intanet ya liƙa ɗan allon nan mai cewa muna amfani da kukis (ƙananan fayilolin da shafi ke ajiyewa a wayarka ko kwamfutarka don ya riƙa gane ka), shikenan ya cika doka. Wallahi ba haka ba ne. A Tarayyar Turai tun gyaran dokar sirrin sadarwa ta ePrivacy a 2009 sai mutum ya amince tukuna kafin a dasa masa kukis na talla a waya ko kwamfuta, dokar kare bayanan mutane ta GDPR kuma da ta fara aiki a 2018 ta ƙara tsaurara sharaɗin amincewar, amma shafuka da yawa kafin allon ya fito kayan bibiyar masu talla sun riga sun kwashi bayananka, to ina amfanin tambayar? Wannan yana ci min rai sosai.

A 2019 kotun Turai ta ce akwatin da aka riga aka sa wa alama ba yarda ba ce. Hukumar kare bayanan mutane ta Faransa (CNIL) ma a farkon 2022 ta sanar da cin tarar Google Yuro miliyan 150, Facebook miliyan 60, don a shafukansu ƙin yarda da kukis ya fi karɓa wahala.

Kukis ɗin da ba sa buƙatar izini su ne na dole, irin na kwandon sayayya a shagon intanet.