Bibiyar kai: me ake aunawa, zaman karatu ko abin da ya zauna a ƙwaƙwalwa?

Tun da agogon hannu mai ƙirga taku da bugun zuciya ya zama ruwan dare, kalmar "bibiyar kai" ta shiga bakin masu talla da masu gabatar da shirye-shiryen fasaha. Ma'anarta ba ta da wuya: mutum ya riƙa auna wani abu game da kansa, barci ne, tafiya ce, karatu ne, ya adana, ya dawo ya duba. Gary Wolf da Kevin Kelly na mujallar Wired su suka raɗa wa wannan yunƙuri suna Quantified Self a 2007. Duk wannan sananne ne. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake kiran duk wani tarin lambobi da sunan bibiya, musamman a harkar koyo.

Manhajar koyon harshe ta shaida maka ka yi kwana 200 ba fashi, wata ta ce ka yi sa'a 14 kana karatu a makon nan, sai zuciya ta yi sanyi. Lambobin nan suna ƙirga zamanka ne kawai. Ko kalma nawa za ka iya kawowa gobe ba tare da ka leƙa ba, ba su sani ba. Kuma akwai hujja kan cewa tsakanin zama da riƙewa akwai rata babba. A 2006, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke na Jami'ar Washington da ke St. Louis a Amurka sun ba ɗalibai gajeren rubutu. Wasu suka yi ta maimaita karanta shi, wasu suka karanta a zama ɗaya sannan sau uku suka rubuta abin da suka iya tunawa. Bayan minti biyar masu maimaita karatu ne a gaba. Bayan mako guda al'amarin ya juye: masu gwada kansu sun tuna kusan kashi 61 cikin ɗari, masu maimaitawa kashi 40. Abin lura, masu maimaitawar su suka fi amincewa da cewa za su tuna. Da ace manhaja ce ke ƙirga musu lokacin kallon takarda, su za ta yaba wa.

Bibiyar kai ta gaskiya a fagen hadda ta girmi waya nesa ba kusa ba. Hermann Ebbinghaus, Bajamushe, ya wallafa bincikensa a 1885, kuma shi kaɗai ne wanda aka yi gwajin a kansa. Yakan haddace jerin gaɓoɓin kalma marasa ma'ana, ya bari lokaci ya wuce, ya sake haddacewa, ya lissafa yawan lokacin da ya samu rangwame a karo na biyu. Bayan minti 20 rangwamen ya kai kashi 58, bayan sa'a ɗaya 44, bayan kwana ɗaya kusan 34, bayan wata guda kusan 21. Masu horar da jama'a sukan ɗauko waɗannan lambobi su ce dokar mantuwa ce ta kowa. A'a, sakamakon mutum ɗaya ne a kan gaɓoɓin da ba su da ma'ana. Abin koyi a wurinsa shi ne tsarin: auna abin da ya rage bayan an bar tazara.

Wanda ya mayar da wannan tsari abin aiki shi ne Piotr Woźniak, ɗalibi a birnin Poznań na ƙasar Poland. A 1985 ya fara rubuta a takarda ranar da ya koyi kalmomin Ingilishi, ranar da ya sake gwada kansa, da yawan waɗanda suka kuɓuce masa. Daga nan manhajar SuperMemo ta fito a 1987, da lissafin da ake kira SM-2, wanda manhajar Anki, da ta fito a 2006, ta gina kanta a kai tare da wasu gyare-gyare. Ya dace a san yadda lissafin yake, domin a cikinsa ma'anar kalmar bibiya take.

Kowane abu guda da kake son riƙewa yana da katinsa, tambaya a gaba, amsa a baya. Ka gwada, sai ka ba kanka maki daga 0 zuwa 5. Idan ka ci, katin zai dawo bayan kwana 1, sannan bayan kwana 6. Daga nan ana ninka tazarar baya da wata lamba da ke farawa daga 2.5, wato kwana 15, sai kusan 38, sai kusan 95. Maki 5 yana ƙara wa lambar 0.1, maki 4 yana barinta yadda take, maki 3 yana rage mata 0.14, kuma ba ta sauka ƙasa da 1.3. Idan ka samu ƙasa da 3, katin ya koma farko. Kowace lamba da ka shigar tana canja ranar da za ka sake ganin katin. Ma'aunin da ba ya canja abin da za ka yi gobe, a ganina bai cancanci a kira shi bibiya ba, ajiya ce kawai. Wanda ba ya son manhaja yana iya yin kusan haka da akwatuna na takarda, kamar yadda Sebastian Leitner ya tsara a 1972: katin da aka ci ya matsa akwatin gaba, wanda aka faɗi ya koma na farko.

Inda tsarin yake lalacewa kusan kullum wuri ɗaya ne, wajen ba kai maki. Mutum ya juya kati, ya ga amsa, ya ce "ai na sani", ya danna maki mai yawa. Gane abu idan an gan shi daban, kawo shi daga ka daban. Lissafin sai ya yarda da ƙaryar, ya tura katin wata uku gaba, ranar da ya dawo babu komai. Maganin shi ne a furta amsar ko a rubuta ta kafin a juya. Matsala ta biyu, kati mai ɗauke da abubuwa biyar: ka tuna uku, ka manta biyu, babu makin da ya dace da shi, don haka a raba shi. Ta uku, zarin sabbin katuna. Sabbi 20 a kullum sukan kai mutum ga bita wajen 200 a rana, kuma fashin mako guda ya isa ya tara abin da zai sa a watsar da tsarin gaba ɗaya. Lambar da ya kamata a sa wa ido ita ce kason tsofaffin katunan da ake ci. Kusan kashi 90 shi ne mizanin da aka saba bi. Idan ya faɗi ƙasa da 80, a rage sabbi a gyara tambayoyi. Idan ya haura 95, ana bita da wuri ana ɓata lokaci.

Akwai kuma masu ganin ɗaukar hoton komai da adana komai shi ne ƙarfafa tunani. Linda Henkel ta Jami'ar Fairfield ta gwada wannan a gidan tarihi, ta wallafa a 2014: waɗanda suka ɗauki hoton kayan gaba ɗaya sun fi mantawa da su fiye da waɗanda suka tsaya suka kalla, amma waɗanda suka matso da kyamara kan wani sashe ba su yi wannan asarar ba. Hoton allo a aji haka yake, sai an dawo an rufe shi an gwada kawo abin da ke ciki yake amfani.

Barci yana taimaka wa abin da aka koya ya kafu, amma agogo ba ya ganin aikin ƙwaƙwalwa. Daga motsin hannu da bugun zuciya yake kintata matakan barci. Lokacin kwanciya da jimillar sa'o'i sun fi abin dogaro a kan adadin "barci mai nauyi" da yake nunawa. Mai son sanin ko barci yana shafar haddarsa ya canja abu ɗaya tak, misali lokacin kwanciya, ya bar yawan katuna da lokacin bita yadda suke na makonni biyu ko uku, sannan ya kwatanta kason da yake ci kafin canjin da bayansa.